Harsashin harbin nesa a kan manyan namun daji: wanne ya dace da wace farauta

Wani ƙanen matata, mai safarar kayan mota tsakanin Yamai da Dubai, ya same ni a fadarmu ta Bukoki bayan la'asar, shayi na kan gawayi, ya miƙo mini wayarsa. Hoton kwalayen harsashi uku ne a ciki. Abokin cinikinsa ya gayyace shi farauta Namibiya, a gonar namun daji mai lasisi, idan ta yi daɗi kuma baɗi su nufi arewacin Kamaru neman gwanki da ɓauna. Bindigar da za a ba shi .300 Winchester Magnum ce, an ce ya faɗi harsashin da yake so a tanada masa.

"Yaya, kai da ka sha farke cikinsu, wanne zan ce? Wannan na tsakiya an ce yana kashewa har mita 800."

Na ce, "Kai a mita nawa ka taɓa samun garwa sau biyar a jere?" Ya yi dariya ya kurɓi shayinsa.

Ni likitan dabbobi ne, haifaffen Tawa. Kakana maharbi ne na bindigar toka, wanda ke jan ciki har sai ya ji ƙarar taunar dabba kafin ya taɓa kunama. Aiki ya kai ni sansanonin farauta masu izini a yankin Binuwai na Kamaru, rani uku ina duba nama ina ɗaukar samfuri. A nan na ga abin da harsasai ke yi bayan sun shiga fata.

Kada wani ya ɗauka zancen dajinmu nake. A Nijar dokar 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ce ke tsara farauta, takardar riƙe bindiga daban, ta farauta daban. Gandun W ba wurin harbi ba ne, ga kuma rashin tsaron da ya rufe yankin. Raƙuman dawa na Kure da warwajin Tarmit da barewar da ake kira mena doka ta hana taɓa su ɗungurungum. Maganar ta mai tafiya ce inda aka halatta, da takardunsa da jagoran farauta a gefensa.

Abin da zan riƙa kira ƙwaya shi ne abin da ke fita daga bakin bindiga. Kwanso da albarushi ba su ne a gabanmu ba.

## Ma'aunin da nake auna su da shi

Uwar ma'auni ita ce gudun da ƙwaya take da shi lokacin da ta taɓa fata. Ƙwayar farauta aikinta ta buɗe baki a cikin jiki kamar malfa, kaurinta ya kusa ninkuwa, ta yaga huhu da manyan jijiyoyin jini. Gudu ne ke buɗe ta. Don haka kowace iri tana da iyaka biyu. Akwai ta ƙasa, inda gudu ya yi kaɗan sai ta wuce a tsuke kamar an soka basilla. Akwai ta sama, inda gudu ya yi yawa sai ta farfashe a kan kafaɗa tun ba ta kai ciki ba. Masu talla iyakar ƙasa kawai suke bugawa a kwali, ita ke sayar da kaya. Ni ta sama ta fi ba ni tsoro, domin yawancin harbin da na shaida bai wuce mita 200 ba, ko da maharbin ya zo da shirin mita 600.

Ga lissafi. Bindigar .300 Winchester Magnum tana fitar da ƙwaya mai giren 180, wato gram 11.7, da gudun kimanin mita 900 a sakan. A mita 500 ya sauko wajen 600. Ƙarfin dukan da ya fara da kusan jul 4,700 ya koma wajen 2,100. Ɗora wannan ƙwaya a bindigar .308 Winchester, ta fito da gudun wajen 790, sai ta faɗi ƙasa da 550 tsakanin mita 400 da 450. Ƙwaya ɗaya ce, amma iyakarta ta bambanta da bindiga. Namibiya tana neman aƙalla jul 2,700 ga manyan dabbobi irin su dabbar da ake kira kudu, mai murɗaɗɗen ƙaho, da warwajinsu, 5,400 ga ɓauna, amma a bakin bindiga ake auna wannan. Bai ce komai game da abin da ya saura a mita 500 ba.

Ma'auni na biyu juriya ce: nawa ya rage na nauyin ƙwaya bayan ta haɗu da ƙashi. A nan akwai abin da mai karanta tallar Amurkawa ba zai sani ba. Dabbobinsu ana harbinsu a bayan kafaɗa, inda haƙarƙari ne kawai a gaban huhu. Gwanki da kanki da danginsu na Afirka zuciyarsu da huhunsu sun fi matsowa gaba, suna ƙasa-ƙasa tsakanin kafaɗu biyu. Ka harba a bayan kafaɗa da tazarar tafin hannu, tumbi ka samu. Jagora zai ce maka ka bi layin ƙafar gaba, ka hau kashi ɗaya cikin uku na kirji. Ma'ana ƙwayarka sai ta ratsa tsoka mai kauri, sau da yawa har da ƙashi, kafin ta fara aikinta.

Na ga wannan da idona. Wani baƙo ya zo da ƙwaya mai siririyar riga, ba zan kama sunan kamfani ba domin laifin na wanda ya ɗora ta kan aikin da ba nata ba ne. Ranar farko ya harbi mariya a wajen mita 300, ƙwayar ta shiga tsakanin haƙarƙari, dabba ta faɗi inda take. Da na buɗe kirjin, huhu ya zama kamar kunun kanwa. Kowa na yaba harsashi. Kwana biyu bayan haka gwanki ya fito musu daga ciyawa a mita 70, ya juyo da kafaɗa. Ya harba, muka ji dukan, gwanki ya durƙusa ya miƙe ya shige kurmi. Masu bin sawu suka bi ɗigon jini har magariba. Washegari muka same shi, kuraye sun riga mu cinyoyin baya. A kafaɗa akwai rauni mai faɗin tafin hannu, zurfinsa bai kai tsawon yatsana ba. Na tsinto gutsattsarin riga a kan ƙashi, huhu lafiya lau. Naman dabba mai kilo sama da 250 ya tafi a banza, ta kwana tana shan azaba, baƙon kuma ya biya kuɗinta cif, domin a ƙa'idar sansani dabbar da ka fitar wa jini taka ce.

Na uku shi ne ratsa iska. Lambar da ake rubutawa BC a kwali ita ke nuna wannan: idan ta yi sama, ƙwaya ta fi riƙe gudu, iska kuma ba ta cika kautar da ita ba. A iskar gefe mai gudun kilomita 16 a awa, wadda ba ta kai rabin bujin da muke sha a Tawa ba, ƙwaya mai BC wajen 0.47 za ta kauce kimanin santimita 55 a mita 500, mai 0.6 kuma wajen 40. Bambanci ne na gaske. Amma wurin kisa a jikin gwanki bai wuce faɗin faifai ba, ka ga dukansu sun fita daga faifan idan ba ka karanta iska daidai ba. Kuma ƙwayar tana ɗaukar kusan kashi bakwai cikin goma na sakan kafin ta isa. Dabba ta ɗaga ƙafa ta yi taku ɗaya, harbin kirji ya koma na ciki. A ƙasa da mita 300 kuwa, lambar BC kusan ado ce.

Sauran ma'aunai gajeru ne. Kuɗi da samuwa. Sauƙi, wato ko bindigarka tana tara su wuri ɗaya ba tare da wahala ba. Sai haɗari: yiwuwar raunata dabba ta ɓace, da dalmar da ke watsuwa cikin naman da za ka kai wa iyali.

## Masu tarwatsewa

Berger VLD Hunting ce uwar wannan gida. Doguwa ce siririya, rigarta ba kauri, bakinta da ɗan rami. Kamfanin da kansa ya bayyana aikinta: ta shiga kamar santimita 5 zuwa 8, sannan ta fashe ta zubar da babban kaso na nauyinta a cikin kirji. Ba ɓoyewa suke ba, haka aka ƙera ta. Idan ta shiga ta haƙarƙari kisanta ya fi na kowa sauri. Ratsa iska da daidaito kuwa, asalinta daga gasar harbin allo take, ba a yi mata gori. Ana so gudunta ya kai 550 lokacin duka.

Kuɗinta da sauƙi, ga mai ɗura harsashinsa da kansa kwalin 100 ake sayarwa, ba na 50 ba kamar na Nosler da Swift da Barnes. Wahalarta biyu. Tana da tsirfa wajen tsawon da aka zaunar da ita a kwanso, wata bindigar sai an yi ta gwaji kafin ta amince. Sannan ɗan ramin bakin idan ya toshe ko ya lanƙwashe, tana iya wucewa ba ta buɗe ba. Haɗarinta shi ne babba: harbin kusa a kan ƙashi, da harbin dabbar da ta ba ka kwiɓi. Sau da yawa ba ta fita ta ɗaya gefen, masu bin sawu su rasa jini. Dalma kuwa ta fi kowa watsawa a nama.

Ƴan uwanta na gasa zalla, irin su Sierra MatchKing, kamfanin Sierra da kansa ya ce ba don farautar manyan dabbobi ya yi su ba. Wanda ya ce ya kashe goma da su ba ƙarya yake ba. Ta sha ɗayan ce abin tambaya.

## Mai zobe a cikin riga

Hornady ta fito da ELD-X a ƙarshen 2015, bayan ta ce na'urar radar ta nuna mata cewa kan roba na ƙwayoyi yana laushi da zafin gudu, sai ta canza irin robar. Ba a narke dalmarta da rigarta ba. Riga ce mai kauri daga gindi, da wani zobe a ciki da ke riƙe dalmar. Mai giren 200 ta bindigar .30, wato dangin .300 da .308, tana da BC 0.597, kuma kamfanin ya ce tana buɗewa har a gudun wajen 490. A harbin kusa tana zubar da kusan rabin nauyinta, a nesa inda gudu ya lafa ta fi riƙe kanta.

Ita ce mafi araha cikin waɗanda suka cancanci sunan harsashin nesa, ita ce kuma mafi samuwa a ɗure, a kwalin 20. Yawancin bindigogi suna tara ta ba gardama. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mai harsashi mai araha ya fi yin atisaye, mai atisaye kuma ya fi samu. Rauninta a iyakar sama yake. A bindiga mai zafin gudu, a mita 50, kan gaɓar kafaɗar babbar dabba, riga da dalma suna iya rabuwa. Maganin shi ne ka ɗauki mai nauyi: a .300 Magnum giren 200 ko 212, kada ka sauka 178 don neman gudu. Mai nauyi tana fitowa a hankali, kuma ko ta zubar da rabi, rabin da ya saura yana da yawa.

## Masu bango a tsakiya

A 1946 John Nosler ya harbi wata ƙatuwar dabbar dajin Kanada da ake kira mus, kafaɗarta shafe da busasshen taɓo, ƙwayarsa ta kasa shiga. Daga wannan haushi Partition ta fito a 1948. Idan ka tsaga ta biyu za ka ga ɗakunan dalma biyu da bango a tsakani. Na gaba mai laushi ne, yana buɗewa da wuri, sau da yawa ya wanke gaba ɗaya. Na baya yana kulle, shi ke ci gaba da tafiya. Kusan kashi biyu cikin uku na nauyi ke saura.

Cikin ƙwayoyin da na ciro daga gawa, ita ce ban taɓa ganin ta ba da kunya ba. Mummuna ce idan an ciro ta, amma kullum a ƙarƙashin fatar ɗaya gefen ake samunta, idan ma an same ta. Aibinta a nesa ne. BC ɗin mai giren 180 bai wuce 0.474 ba, bakinta dalma ce a fili, wadda ke dagulewa a cikin gidan harsashi saboda naushin bindiga. Ba ta kai sababbin daidaito a kowace bindiga ba, ga tsada. Har mita 350 ba ka buƙatar wata. Bayan 450 iska ta fara wasa da ita.

Swift A-Frame ƙanwarta ce da ta fi ta taurin kai: bangon ya fi kauri, ɗakin gaba kuma an narke shi da riga, nauyi sama da kashi 90 cikin ɗari ke saura. BC ɗinta 0.400 ne a giren 180. Ba harsashin nesa ba ce ko kaɗan, na kawo ta ne saboda maganar ɓauna da ke tafe.

## Masu walda

Waɗannan an haɗa dalmarsu da rigarsu kamar walda, ba sa rabuwa ko an daki ƙashi. Nosler AccuBond ta fito a 2003, BC 0.507 a giren 180, tana son gudun 550 zuwa sama, tana riƙe kashi 65 zuwa 70. A 2013 aka yi mata ƙanwa ta nesa, AccuBond Long Range, mai laushin baki, wadda kamfanin ya ce tana buɗewa har a gudun wajen 400. Federal ta fito da Terminal Ascent a 2020, gabanta dalma mai walda, gindinta tagulla zalla, BC 0.608 a giren 200. Akwai Swift Scirocco, akwai Norma Bondstrike daga Suwidin ga wanda kayansa ta Turai suke biyowa.

A ganina nan ne iyakokin biyu suka fi nisa da juna. Terminal Ascent musamman, gindin tagullan ba ya zuwa ko'ina ko a mita 30 aka harba, bakin kuma yana buɗewa a nesa. AccuBond Long Range ta fi laushi, a kusa tana baje baki sosai ta rage nauyi fiye da yayarta, amma ba ta watsewa. Wasu bindigogin ba sa shiri da ita, sai ka gwada taka.

Kada lambar 400 ɗin nan ta ruɗe ka. A wannan gudu bakin ɗan tsagewa kawai yake yi, kuma nisan da ake kaiwa kafin gudu ya sauko haka ya wuce inda mai hankali zai harbi abu mai rai. Ni kan ƙara aƙalla 100 a kan duk iyakar da kamfani ya faɗa.

Tsada ita ce cikas, sai samuwa. Araha ba ta ado dai. Mutumin da ya biya kuɗin jirgi da na sansani da na kan dabba, ya tsaya jayayya kan bambancin kwali biyu, ya manta lissafi.

## Tagulla zalla

Barnes ta fara da X a 1989, sai TSX a 2003 mai tsagogi a jiki da suka rage matsi da dattin bututu, sai TTSX mai kan roba, sai LRX ta nesa. Hornady tana da CX, Faransawa suna da GPA ta kamfanin Sologne. Babu dalma ko ɗigo. Baki yana tsagewa ya zama kunnuwa masu kaifi, Barnes nata huɗu ne, nauyinta kuma kusan duka yana nan. Tana karya kafaɗa biyu ta fita. Rami biyu kenan, jini a ƙasa, masu bin sawu na sa maka albarka.

Na taɓa bin hanyar irin wannan ƙwaya a jikin kanki da aka harba daga gaba-gaba. Ta shiga ta gaban kafaɗar hagu, na same ta a cinyar dama, kunnuwanta a lanƙwashe kamar furen kabewa. Naman gefen ramin har kusa da baki ana iya ci. Ga mai niyyar yin kilishi ya rarraba wa yara, wannan magana ce babba. Ƙwayar dalma tana barin ƙananan ɓurɓushi da ido ba ya gani, nesa da ramin, kuma dalma guba ce, ta fi illa ga ƙananan yara da mata masu ciki. Ungulayen da ke cin kayan cikin da aka zubar su ma suna sha. Jihar Kalifoniya ta hana farauta da dalma tun 1 ga Yuli 2019, Danmak ta hana ta a harsashin bindigar farauta daga Afrilu 2024.

Amma tagulla gudu take ci. Ta fi dalma tauri, idan gudu ya yi ƙasa bakin ba ya buɗewa sosai, dabba ta yi doguwar tafiya da ɗan siririn rami. Ana cewa LRX tana buɗewa har wajen 490, ni ba na son ta sauka ƙasa da 600. Sannan tagulla ba ta kai dalma nauyi ba, don haka ƙwayar ta fi tsawo a nauyi ɗaya, tana neman bututu mai saurin murɗi, wato wanda tsagogin cikinsa ke juya ƙwaya da sauri, BC ɗinta kuma matsakaici ne: LRX mai giren 175 tana da 0.508. A nan dabarar akasin ta ELD-X ce, ka sauka nauyi ka sami gudu, giren 165 zuwa 175 a maimakon 200. Ka wanke bututu tas kafin ka koma kanta. Ka kuma duba bayan dabbar, domin ƙwayar fita za ta yi, wata na tsaye a baya sai ka biya biyu.

## Teburi

| Iri | Misali | Gudun da ake so, mita a sakan | Nauyin da ke saura | Ratsa iska | Kuɗi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Mai tarwatsewa | Berger VLD Hunting | 550 | Sau da yawa ƙasa da rabi | Sosai | Da sauƙi | Fashewa a kan ƙashi, dalma a nama |
| Mai zobe | Hornady ELD-X | 490 | Wajen rabi a kusa, fiye a nesa | Sosai | Araha | Rabuwar riga a harbin kusa |
| Mai bango | Nosler Partition | 550 | Kashi biyu cikin uku | Matsakaici | Tsada | Iska bayan mita 450 |
| Mai walda | AccuBond | 550 | Kashi 65 zuwa 70 | Mai kyau | Tsada | Kaɗan |
| Mai walda ta nesa | AccuBond Long Range | 400 | Ƙasa da na AccuBond a kusa | Sosai | Tsada | Ruɗin nisa, tsirfar bindiga |
| Tagulla | Barnes LRX | 490, gara 600 | Kusan duka | Matsakaici | Tsada | Rashin buɗewa a nesa |

Lambobin gudu na masu ƙera su ne, ban da 600 ɗin, wannan tawa ce.

## Zafi da tudu

Jadawalin da ke bayan kwali an yi shi ne a kan zafin digiri 15 a daidai teku. Mu da muka san watan Afrilu a Tawa mun san wannan ba duniyarmu ba ce. Harsashin da ya wuni a mota cikin rana albarushinsa yana ƙara matsi da gudu, wurin faɗuwar ƙwaya ya canza, wani lokacin kwanso ya maƙale. Windhuk, babban birnin Namibiya, kuma tana kan tudu mai kusan mita 1,700, iska ba ta da kauri, ƙwaya ba ta faɗuwa kamar yadda take yi a Yamai. Ranar da ka isa sansani ka harba a allo kafin ka harba a dabba. Jirgin sama kilo 5 na harsashi yake yarje wa fasinja, a cikin kwalinsa, ya ishe ka ya yi saura.

## Wa zai ɗauki wanne

Mai zuwa fili irin na Namibiya, dabbobi manya da ƙanana a cakuɗe, harbi daga mita 80 zuwa 400: mai walda. Terminal Ascent ko AccuBond, duk wadda bindigar ta fi tarawa.

Mai farautar nama, wanda ba ya wuce mita 300 zuwa 350 kuma bindigarsa tana da gudu: tagulla. Haka wanda ƙasar da zai je ta hana dalma, shi ba shi da zaɓi ma.

Mai zuwa dajin Binuwai, inda ciyawa da itatuwa ba su cika barin ka ga abu a mita 250 ba: Partition ko TTSX. Kuɗin BC asara ne a can.

Mai ƙaramin aljihu da ke son yawan atisaye, dabbobinsa matsakaita irin mariya da kanki: ELD-X mai nauyi, ya jira dabba ta ba shi gefe.

Berger ta ƙwararre ce, mai na'urar awon nisa da ta gudu, mai haƙurin barin dabba ta tafi idan ba ta tsaya daidai ba, wanda kuma ya yarda zai yanke naman gefen rauni ya binne.

Ɓauna ba ta cikin wannan lissafi. Ba a harbinta daga nesa, jagora ma ba zai bari ba, mita 100 ta yi yawa. Ƙasashe da dama sun sa .375 a matsayin mafi ƙanƙanta, kuma .375 H&H da ta fito tun 1912 har yau ita ce ma'auni. Giren 300, A-Frame ko TSX. Ɓaunar da aka raunata komawa take ta laɓe a kan sawunta, mai bin sawu ne a gaba, shi zai fara biyan kuɗin kuskurenka.

Ƙanen nawa na ce ya sa a tanada masa Terminal Ascent mai giren 200, idan babu AccuBond mai giren 180, kwali uku masu lambar ɗuri ɗaya. Biyu ya ƙarar da su a allo, a tsaye kan sandunan harbi ba a kan tebur ba, domin haka zai harba a daji. Nisan da ya daina sa biyar cikin faifai, ya rage mita 50 daga nan, ya gaya wa jagora tun daren farko cewa iyakarsa kenan. Ya yi bisimilla kafin ya taɓa kunama, wuƙa kuma tana kugu, idan ya tarar da sauran rai ya yanka.

Ya ce, "To Yaya, mita 800 ɗin fa?"

Na ce ya miƙo kofin, shayi na uku ya kusa hucewa.